Wa Zai Ɗauki Nauyin Adana Tsohon Gari?

Ranar Lahadi 11 ga watan Satumba na shekarar 2016, wato jajibirin Babbar Sallah, lokacin da ofisoshin gwamnati suke rufe, hankalin jama'a kuma yake kan raguna, katafila ta dira a kan wani tsohon bene da ke daura da Dandalin Tinubu a tsibirin Legas, ta mai da shi tsibin ɓaraguzai. Wannan bene shi ne wanda aka fi sani da Ilojo Bar, an kuwa gina shi ne wajen shekarar 1855 bisa fasalin ginin 'yantattun bayin da suka komo gida daga ƙasar Burazil. Tun a shekarar 1956, shekara huɗu kafin samun mulkin kai, gwamnati ta sanya shi cikin jerin gine-ginen tarihi na ƙasa waɗanda doka ta hana a taɓa. Ya yi shekara 60 cif a cikin wannan jeri, amma da ranar ta zo, takardar gwamnati ba ta tare katafila ba.

An yi ta Allah wadai a jaridu, hukumomi kuma suka yi ta alkawarin hukunta masu hannu a ciki. Sai dai akwai wata tambaya wadda ba a cika yi ba, alhali kuwa ita ce ɗan kasuwa zai fara yi kafin kowace: a wuyan wa kuɗin adana irin wannan gini yake? Muddin ba a amsa ta ba, to, babu shakka za mu ci gaba da makoki bayan kowane rusau, a Legas ne ko a Kano ko a Zariya, ba tare da an ceci ko zaure ɗaya ba.

Bari mu zauna a kujerar mai gida mu yi lissafinsa. Yana da tsohon gini mai hawa ɗaya ko biyu a tsakiyar kasuwa, inda kowane taku na ƙasa yake da tsadar gaske. Maƙwabcinsa na dama ya rushe nasa ya tada bene mai hawa biyar cike da shaguna, yana karɓar hayar shekara biyu a dunƙule tun kafin fenti ya bushe. Shi kuwa an gaya masa cewa gininsa abin alfahari ne ga ƙasa, saboda haka kada ya taɓa shi. Rufi yana yoyo, hayar da yake samu ba ta isa gyara ba, babu kuma wani asusu da zai je ya karɓi kuɗin gyaran a kai a kai. In gidan gado ne, abin ya ƙara tsananta, domin magada goma sha ba za su iya raba bango ba, amma suna iya raba kuɗi, don haka mai sayen da ya zo da tsabar kuɗi a hannu shi ne yake raba gardama. A taƙaice, daɗin tarihin na kowa da kowa ne, wahalar riƙe shi kuwa ta mutum ɗaya ce. Babu sana'ar da za ta ɗore a kan irin wannan rabo.

Dokar da muke taƙama da ita ma ta tsufa. Dokar soja mai lamba 77 ta shekarar 1979 ce ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Gine-ginen Tarihi ta Ƙasa, tarar da aka yanka a cikinta kuwa da kuɗin wancan zamani aka yanka ta, lokacin da Naira ɗaya ta fi Dalar Amurka daraja. Wanda ya hango ribar miliyoyi a fili, irin wannan tara ba ta hana shi barci.

Birnin Kano shi ne inda wannan al'amari ya fi shafar mai karatu kai tsaye, ko da kuwa a Legas ko Ibadan ko Onitsha yake fatauci, domin da wuya a sami babban ɗan kasuwar Bahaushe wanda hajarsa ba ta taɓa ratsa Kano ba. Tarihin Kano ya nuna cewa Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ne ya fara ginin ganuwa, sarakunan baya kuma suka yi ta faɗaɗa ta. Sarki Muhammadu Rumfa, daga 1463 zuwa 1499, shi ya gina fadar da ake kira Gidan Rumfa, ya kuma kafa Kasuwar Kurmi. Da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta mazaunanta da mutum 30,000, waɗanda kan ninka a lokacin da ayari ke shigowa, kuma abin da ya fi ba shi mamaki shi ne saƙa da rini, da yadda tufafin Kano suke kai wa har Tambutu da Tarabulus. Abin lura a nan shi ne, tsohon birnin nan da ake maganar adanawa, 'yan kasuwa ne suka gina shi da ribar fatauci. Ganuwa ta tsare dukiya, ƙofofi sun zama wurin karɓar kuɗin shiga, unguwanni kuma sun kasu bisa sana'a da asalin baƙi, shi ya sa har yau ake da Soron Ɗinki da Tudun Nufawa da Ayagi.

To, me ya rage a yau? Wanda ya zagaya birni zai ga cewa a wurare da dama ganuwa ta zama tarihi a baki kawai: an ɗebi ƙasarta an yi tubali, an yanka filinta an yi shaguna da gidaje. A shekarar 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa hanya, aka maye gurbinta da ginin siminti. Tun 2007 aka sanya ganuwar Kano da wuraren da ke haɗe da ita cikin jerin wuraren da Nijeriya ke fatan hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya, amma abin da ake son a nuna wa duniya raguwa yake yi kowace damina. Agadas kuwa, tsohuwar abokiyar cinikin Kano a hanyar hamada, ta shiga jerin a 2013 da gine-ginenta na ƙasa da hasumiyar masallacinta mai tsawon mita 27.

Akwai kuma hasarar da ba a gani sai ruwa ya sauka. Kududdufan birni, waɗanda daga cikinsu aka haƙi ƙasar gina gidaje, su ne suke shanye ruwan sama tun zamanin kakanni. An cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai, ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa. 'Yan kasuwar Kantin Kwari, ko da yake a wajen ganuwa suke, sun ɗanɗana irin wannan a daminar 2022, sa'ad da ambaliya ta shiga shaguna ta lalata atamfofi da yadudduka na maƙudan kuɗi, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe magudanan ruwa.

Duk da haka, adalci ya wajaba ga ɗaya ɓangaren. Mutumin da yake zaune a lungun da motar kashe gobara ba ta iya shiga, wanda in matarsa ta tashi haihuwa da dare sai an ɗauko ta a hannu zuwa bakin titi, wanda kwata ke gudana a ƙofar gidansa rani da damina, ba za a yi masa wa'azin darajar tarihi ya saurara ba, kuma yana da gaskiya. Tsohon gini in an ƙyale shi ba gyara yana kisa. A watan Agusta na 2023 wani sashe na Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a wajajen shekarun 1830, ya rufta a kan masallata ana cikin sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka. Saboda haka masu cewa kada a taɓa komai, su ma suna taimaka wa rushewar, domin abin da katafila ba ta ci ba, damina za ta ci a hankali. Dole ne tsohon gari ya sami hanya da ruwan famfo da magudana da wutar lantarki. Gardamar tana kan yadda za a kawo su ne.

Hanyar da hukumomi suka fi sabawa da ita ita ce a share wuri gaba ɗaya a sake sabon lale, kuma an daɗe da gwada ta a ƙasar nan. A shekarar 1955 hukumar raya birnin Legas ta wancan lokaci ta fara rushe kimanin eka 70 a tsakiyar tsibiri da sunan kawar da ƙazanta kafin bikin mulkin kai, aka kwashe mazauna wurin zuwa Surulere. Gidajen da aka ba su sun fi na da tsafta, amma mai sayar da abinci da tela da mai ƙaramin kanti sun tarar babu masu saye, domin cinikinsu ya dogara ne ga cunkoson da aka raba su da shi. Da aka zo sayar da filayen da aka share, da yawa daga masu su na asali ba su iya biyan sabon farashi ba. Duk ɗan kasuwa ya san cewa jarin shago bai tsaya ga kayan da ke kan kanta ba: akwai abokan ciniki na shekara da shekaru, akwai dillalin da ya san ka, akwai maƙwabcin da zai ba ka kaya bashi da baki kawai. Ana biyan diyyar bango da rufi, amma ba a taɓa jin an biya diyyar amana ba.

Masu zuba jari a sababbin gine-gine ma ba su tsira ba. A watan Yuni na 2023 sabuwar gwamnatin jihar Kano ta shiga rushe gine-ginen da ta ce gwamnatin da ta gabace ta ta ba da izininsu a filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba, har da shagunan Filin Idi da gine-ginen harabar tsohon otal ɗin Daula. A watan Satumba na shekarar wata Babbar Kotun Tarayya ta umarci gwamnatin ta biya masu shagunan Filin Idi diyyar Naira biliyan 30. Ba manufar wannan sharhi ba ce ya raba gardama tsakanin gwamnatocin biyu. Abin da ya dame mu shi ne darasin: inda babu tabbatacciyar iyaka tsakanin wurin da aka halatta gini da wurin da aka haramta, wanda ya gina ya yi hasara, baitulmali ya yi hasara, tarihi ma ya yi hasara. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, don haka takardar da wannan ya sa wa hannu yau, wancan yana iya soke ta gobe. Babu bankin da zai natsu ya ba da rance mai dogon zango a kan irin wannan takarda.

Akwai hanya ta uku, kuma an gwada ta a birnin da ya fi Kano cunkoso. A Alƙahira ta ƙasar Masar akwai wani tudu da aka shafe kimanin shekara 500 ana zuba masa shara da ɓaraguzai, a gefen tsohuwar unguwar Darb al-Ahmar. Gidauniyar Aga Khan ta kashe kimanin Dala miliyan 30 ta mai da shi lambun shaƙatawa na Al-Azhar, wanda aka buɗe a 2005. Wajen kwashe sharar aka tono kusan kilomita ɗaya da rabi na ganuwar zamanin Salahuddin al-Ayyubi, aka gyara ta. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da aka yi wa unguwar: ba a kori mazaunanta ba. An gyara gidaje ta hanyar haɗa tallafi da rance mai sauƙi, an koya wa samarin unguwa sassaƙar dutse da kafinta a wurin aikin, an ba masu ƙananan sana'o'i bashin jari, lambun kuma yana samun kuɗin shiga daga tikiti da gidajen abinci. Amma a Alƙahirar nan dai, daga 2020 aka yi ta rushe sassan tsofaffin maƙabartu domin shimfiɗa tituna da gadoji. Wannan ya nuna cewa aiki ɗaya mai kyau ba ya wadatarwa in babu doka da tsarin da zai ɗaure kowace gwamnati.

Saboda haka ga abubuwan da muke ganin ya kamata a yi, kuma babu ɗaya daga ciki da ya fi ƙarfin jiha mai niyya.

Na farko, a ƙirga abin da ya rage, a kasa shi aji-aji. Ba kowane tsohon bango ne ya cancanci adanawa ba. A ware abin da ba za a taɓa ba ko kaɗan, kamar sauran ganuwa da ƙofofi da fada da karofin Ƙofar Mata. Da abin da za a iya gyara cikinsa a bar fuskarsa. Da abin da za a iya rushewa a sake. A zana taswira, majalisar dokoki ta mai da ita doka, a liƙa ta a ofishin filaye da ofisoshin ƙungiyoyin 'yan kasuwa, yadda kowa zai duba kafin ya biya kuɗin fili. Wannan takarda ɗaya za ta tsare jari fiye da alkawarin kowane ɗan siyasa.

Na biyu, a gyara lissafin mai gida. Bayan da aka fara rushe tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Pennsylvania a birnin New York a 1963, birnin ya kafa dokar kare gine-ginen tarihi a 1965, daga baya kuma ya ba mai irin wannan gini damar sayar da haƙƙin hawan benen da aka hana shi yi ga wani mai fili a kusa, wanda shi kuma zai ƙara tsawon nasa ginin. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da dokar a 1978 a shari'ar tashar Grand Central. Birnin Mumbai na ƙasar Indiya ya ɗauki irin wannan tsari a 1995. A Amurka kuma, bisa dokar haraji ta 1986, wanda ya gyara ginin tarihi domin kasuwanci ana rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyaran daga harajinsa. Mu ma ba baƙin irin wannan dabara ba ne: a 2019 Gwamnatin Tarayya ta fito da tsarin da kamfani zai gina hanya a cire kuɗin daga harajinsa, ta haka ne kamfanin Dangote ya yi aikin hanyar Apapa zuwa Oshodi. Jiha tana iya yafe harajin fili da kuɗin takardu ga wanda ya riƙe tsohon gininsa da kyau, ta kuma ba shi izinin ƙarin hawa a wani filinsa da ke wajen birni.

Na uku, a fara da magudana da ruwa da wuta kafin a yi maganar faɗaɗa titi. Yawancin abin da ke korar masu hali daga cikin birni ƙazanta ce da ambaliya, kuma ana iya maganinsu ba tare da rushe unguwa ba. A buɗe 'yan hanyoyi kaɗan da aka zaɓa da shawarar masu unguwanni domin motar asibiti da ta kashe gobara, a biya diyya ta gaskiya kafin a taɓa bango, a tsayar da manyan motoci a wajen ganuwa, a kuma hana cike sauran kududdufai.

Na huɗu, a ba tsohon gini aikin yi. A Legas, harabar tsohon kurkukun Turawa da ke titin Broad ta zama dandalin shaƙatawa na Freedom Park a 2010, inda ake wasanni da taruka da sayar da abinci. Tsohon gidan attajiri a cikin birnin Kano yana iya zama masaukin baƙi, ko wurin baje kolin kayan fata da rini, ko makarantar koyon sana'a. Amma kada mu yaudari kanmu da zancen Turawa 'yan yawon buɗe ido, domin su kaɗan ne, kuma labarin tashin hankali ɗaya yana korar su shekara guda. Ko da yake UNESCO ta sanya hawan Sallah na Kano cikin al'adun duniya a watan Disamba na 2024, kwana kaɗan ne a shekara. Kasuwar da za ta riƙe tsohon gari ita ce ta gida da ta maƙwabta: fatake daga Nijar da Chadi da Kamaru, da 'yan makaranta, da masu biki, da masu shirya finafinai.

Na biyar, a ceci magina. Ginin ƙasa yana buƙatar yaɓe a kai a kai, da wanda ya san zaɓen azara da ɗaurin guga da haɗa makuba. Laso ma, wanda ke hana ruwa ratsa soro, ana haɗa shi ne da katsin da ake kwasowa daga karofi da gashin jima daga majema. Wato in marina da majema suka mutu, magini ya rasa kayan aiki. Sana'o'in tsohon gari a sarƙe suke da juna, kuma in aka ba Sarkin Magina da mutanensa kwangilar gyara ta kowace shekara, yara za su dawo koyo, domin yaro ba ya gudun sana'ar da ke ciyar da ubansa.

Daga ƙarshe, kira ne ga attajiranmu. Da yawa daga cikinsu a cikin waɗannan lunguna aka yanke musu cibiya, ko da yake yanzu suna Nasarawa ko Abuja ko Ikoyi. Sun gina masallatai da makarantu, Allah ya saka musu da alheri. Ba zai gagare su ba su kafa asusun waƙafi, ƙarƙashin amintattu daga masarauta da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da masana gine-gine na jami'o'inmu, wanda zai riƙa sayen gidajen gado masu tarihi a farashin kasuwa idan magada suka tashi sayarwa, ya gyara su, ya ba da su haya, hayar ta koma gyaran wasu. Magada sun sami haƙƙinsu, gini ya tsira, asusu kuma yana juyawa.

Masu iya magana sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Kowane gari yana iya gina bene mai gilashi in ya sami rance, kuma wanda za a gina baɗi zai fi na bana. Amma Kasuwar Kurmi ɗaya ce, babu kuma kuɗin da zai sayo shekara 500 in an zubar da su. An riga an rasa Ilojo Bar, an rasa tsohuwar Ƙofar Na'isa. Abin da ya rage yana jiran a yanke shawarar wanda zai biya kuɗin riƙe shi, in kuwa aka ci gaba da barin nauyin a wuyan mai gida shi kaɗai, to, ya riga ya san lambar mai katafila. Allah ya ba shugabanninmu da masu hannu da shuni ikon duba wannan al'amari tun da sauran abin dubawa.